Ludayin Mma Sala

Sau biyu ana mayar da Mma Sala, mai tuwo a unguwar Sakasaka, gida daga asibiti. Hoton madaciya sai da yunwa ake yin sa, ita kuwa ba ta iya dafa miya ba ta ɗanɗana ba. A karo na uku mijinta Ziblim ya ƙwace ludayin.

Likita Benedicta ta yi mata allura, ta ɗora na'ura a cikinta. "Mma, in dunƙulen nan ƙari ne, allurar za ta sa ya yi haske."

Sala ta runtse ido.

"Bai haska ba. Ruwan madaciya ne ya daskare."

"Alhamdulillahi! To sake ni, 'yata, kafin Ziblim ya kashe mini miya da gishiri."