Ƙwaƙwalwar Babur ɗin Kaggwa

A layin masu kayan babur na Ndeeba, cikin Kampala, idan inji ya ƙi tashi, makanikai suka kwance suka ɗaure suka rasa gane kansa, wurin Nalwadda ake tura shi. Ita ba ta riƙe sifana sai dole. Aikinta ƙwaƙwalwa ne, ɗan baƙin akwatin nan da ke ƙarƙashin kujerar sababbin babura, mai auna mai da iska, mai gaya wa fulogi lokacin ba da wuta. Da tsohuwar kwamfutarta mai fasasshen gefe take jona shi, ta karanta abin da ke ciki, ta goge, ta zuba sabon tsari.

Wata Talata da hantsi Byaruhanga ya turo nasa yana zufa. Ɗan boda ne, wato ɗan acaɓa, mai ɗaukar fasinja daga kasuwar Owino, kuma bakinsa ba ya hutawa.

"Yaya Nalwadda, ga gawa na kawo miki. Ruwan da ya kwanta a unguwar Bwaise ne ya shanye shi ranar Asabar."

"Wa ya ce ka shiga ruwa da shi? Kwalekwale ka saya?"

"Fasinja ce ta rantse ba zurfi. Da ya mutu sai ta sauka, ta riƙe takalminta a hannu, ta yi gaba abinta."

Ta jona, ta duba. Ƙwaƙwalwar ta ƙone ƙurmus. Byaruhanga ya ce ai ya sani, shi ya sa ya biya Kisenyi wurin masu farfasa baburan da suka yi haɗari ya sayo wata ƙwaƙwalwar ta hannu. Ya zaro ta daga aljihun rigar sanyinsa ya miƙa mata.

Nalwadda ta juya bayan akwatin. Akwai ɗigon jan farce da harafin K. Duk layin ita kaɗai ke yi wa aikinta alama da jan farce, kuma K ɗaya ta taɓa rubutawa.

Kaggwa ƙanenta ne, autansu. Shekara biyu da suka wuce ya sami sabon babur, wanda kamfani ya sa wa takunkumi, ba ya wuce tamanin. Sati uku yana binta. "Yaya, 'yan keke ma dariya suke min. Minti goma ne a wurinki." Ta ƙi, ta ƙi, ranar da ya zo mata da capati, wainar fulawa, da ƙwai yana yi mata waƙa a gaban mutane sai ta yi dariya, ta canja lambobi uku, takunkumin ya fita. Bayan wata ɗaya aka kira ta daga kwanar Nsangi, kan hanyar Masaka. A nan ya rasu. Aka ce babbar mota ce ta shigo hannunsa. Kowa ya karɓa a haka, ita ma ta karɓa. Tun daga nan, duk sanda babur mai irin ƙarar nasa ya shigo layin, sai ta ɗaga kai kafin ta tuna.

"Yaya, lafiya? Ko sun sayar min da matacciya?"

"Da ranta," in ji ta.

Ta jona ta. Allon ya nuna tsarin da ta zuba da hannunta, har da kwanan wata. Ba ta so ta buɗe wurin da ƙwaƙwalwa ke ajiye labarin matsalar ƙarshe, amma yatsanta ya riga ta. Layi ɗaya ne. Babur ya faɗi, inji ya yanke. Totur a buɗe har ƙarshe. Gudu ɗari da goma sha takwas.

Byaruhanga ya leƙo ta kafaɗarta ya yi fito. "Kai! Wannan buɗaɗɗiya ce! Ki bar min ita haka, kar ki taɓa komai."

"Ba zan sa maka ita ba."

"Kayana ne fa, ni na saya."

Ta miƙe ta ɗauko sabuwa dal a kwalinta daga kan kanta. Ta ɗaura, ta haɗa ta da makullinsa, ta bar takunkumin yadda kamfani ya sa. Babur ya tashi da bugu ɗaya.

"Mun yi musaya. Ɗauki ka tafi."

"Sabuwa da tsohuwa? Yaya, ko dai sona kike yi?"

Ba ta yi dariya ba. Ya dubi fuskarta, ya sa hular kwanonsa, ya fita a hankali.

Kwana biyar akwatin yana cikin jakarta. Ranar Lahadi ta hau mota zuwa garinsu Mpigi. Ta tarar da mahaifiyarsu a bayan gida tana feren matoke, ɗanyar ayabar da ake dafawa, daga nan ana hango kabarin Kaggwa a cikin gonar ayaba. Nalwadda ta durƙusa ta gaishe ta, ta ajiye akwatin a kan tabarma, ta faɗi komai: lambobi ukun, capatin, ɗari da goma sha takwas.

Tsohuwar ba ta daina fere ba.

"Na sani," ta ce. "Ya zo nan sati ɗaya kafin abin. Yana zagaya gidan nan yana cewa, Maama, Yaya ta buɗe min babur, daga Kampala zuwa nan kafin shayinki ya huce."

"Kin sani, Maama? Shekara biyu?"

"To in ce miki me? Na rasa ɗaya. In tura ɗayar ta bi shi?"

Nalwadda ta kifa kanta a gwiwa tana kuka. Tsohuwar ta bar ta har ta yi shiru don kanta, sannan ta goge hannu a zaninta, ta ɗauki akwatin, ta auna nauyinsa a tafinta.

"Ɗan wannan abin ne?"

"Shi ne."

"Yana tare da shi a lokacin?"

"Yana ƙarƙashin kujerarsa."

Ta shiga ɗaki da shi. Nalwadda ta ji ƙarar murfin akwatin ƙarfen da ake ajiye kayan Kaggwa, an buɗe, an daɗe, an rufe. Da tsohuwar ta fito sai ta miƙa mata wuƙa ta biyu, ta turo mata kwandon matoken. Suka yi ta fere har rana ta karkata.