Feda Biyu a Aljihun Malachy

"Ɗaga ƙafafun nan! Nuala, na ce ki ɗaga, ba wanda zai sace ƙasar in kin sake ta!"

Malachy ne ke wannan ihu daga bakin ƙofarsa, yana zaune a kujerar kicin, bargo a gwiwa, robar iska a hanci, tukunyar iskar kuma tana jingine da bango kamar baƙon da aka hana shiga. Ihun ma dai sunansa ihu, don in ya faɗi kalma kaɗan sai ya tsaya ya nemo numfashi. A tsakiyar layi kuwa ga maƙwabciyarsa Nuala, mace mai shekara hamsin da bakwai, a kan sabon keke shuɗi wanda ba shi da feda ko ɗaya, tana tura shi da ƙafa tana rangaji kamar agwagwa.

"In na faɗi na karye, kai za ka yi jinyata?"

"Ni? Kin ga yadda nake? Sai dai a kwantar da mu ɗaki ɗaya mu riƙa zagin juna. Ɗaga!"

To, bari in gaya muku yadda aka yi mace da furfurarta ta shiga wannan hali. Nuala tana aiki a masana'antar cuku da ke bayan garinmu, nan yammacin Ireland, can bayan tudun da ke gaba da coci. Tun rasuwar mijinta bas ɗin safe ke kai ta. Sai aka wayi gari da sanarwa cewa daga ƙarshen wata an soke bas ɗin, wai ba fasinja. Ba ta tuƙi, abokan aikinta masu mota duk daga ɗaya ɓangaren suke zuwa, 'yarta ɗaya tilo tana Australia. In ba ta isa bakin aiki kafin a busa ƙaho ba, aikin ya tafi ke nan, kuma a shekarunta wa zai ɗauke ta wani?

Orla, yarinyar da ke ofishin albashi, ita ta kawo shawara. Ta ce akwai tsarin nan na keken zuwa aiki: kamfani ya saya maka keken a shago, a riƙa cirewa kaɗan-kaɗan daga albashinka har shekara, kuma kafin a yanki haraji, don haka keken ya zo maka da sauƙi. Sharaɗi dai shi ne ka riƙa zuwa aiki da shi.

"Har da hular kwano da fitila da rigar nan mai ƙyalli, duk a ciki," in ji Orla. "Ki sa hannu nan kawai."

Nuala ta sa hannu. Abin da ba ta faɗa ba shi ne, tunda uwarta ta haife ta ba ta taɓa hawa keke ba. A gidansu keke ɗaya ne, na 'yan'uwanta maza, ita aikinta ta riƙe musu ƙofa su fita.

Ranar da ta karɓo shi, turo shi ta yi tun daga shago har gida, cikin yayyafi, hular kwano tana rataye a hannun keken. Malachy yana taga. Shi kuwa mutum ne da ya tsufa yana raba wasiƙu a kan keke, babu kare a faɗin ƙasar nan da bai san ɗanɗanon wandonsa ba. Ya ƙwanƙwasa gilashi ya ɗaga taga.

"Keken ne ba lafiya, ko mai keken?"

"Sabo ne. Ba na so in ɓata tayar."

Ya dube ta, ta dube shi. Bango ɗaya ya raba gidajensu tun suna da ƙuruciya, ya san tarinta ta san nasa.

"Ba ki iya ba," ya ce a hankali. Bai yi dariya ba, kuma wannan Nuala ba ta manta masa da shi ba. "Breda! Miƙo mini sifanar nan da ke ƙarƙashin matakala."

Breda matarsa ta fito tana goge hannu. "Likita ya ce ko butar shayi kada ka ɗauka, tsohon banza."

"Likita bai ce komai a kan sifana ba."

Da hannunsa ya kwance fedar nan biyu, yana yi yana hutawa, ya sauke sirdi har ƙafafun Nuala suka taka ƙasa sosai. Sannan ya jefa feda ɗaya a aljihun dama na rigar sanyinsa, ɗaya a na hagu, rigar ta zazzago kamar an rataya wa jaki kaya.

"Feda ba ta koya wa mutum keke," ya ce. "Ki fara koyon zama a kai ba ki faɗi ba. Ranar da kika gangara daga nan har ƙofar coci ƙafarki ba ta taɓa ƙasa ba, ki zo ki karɓi kayanki."

Haka aka yi ta yi kowace yamma in ta taso aiki. Breda ta fito da kujera, ta fito da bargo, ta fito da tukunyar iska, tana mita tun daga ɗaki har waje. Mutanen layi tun suna leƙe ta labule har suka saba. Nuala ta faɗa cikin shingen furannin gidan gaba, ta ƙuje gwiwa, ta taɓa bin kan kwandon shara ta zauna a ƙasa tana kuka tana dariya.

"Me kike nema a tayar gaba? Kuɗinki ya faɗi a can? Dubi inda za ki, keken zai bi idonki!"

"Kai dai ka iya baki daga kan kujera."

"Da baki aka ɗauke ni aiki, 'yar nan. Koma ki sake."

Ana cikin haka, saura mako guda bas ya tsaya, sai wata yamma kujera ba ta fito ba. Washegari ma haka. Nas ta fara zuwa safe da yamma, mazan layi suka sauko da gadon Malachy zuwa falon gaba kusa da taga, don ba ya iya hawa bene. Ranar Alhamis aka ga Fada, limamin coci, ya shiga da 'yar jakarsa, kowa a layin ya san addu'ar bankwana ke nan.

Nuala ta ci gaba da turawa ita kaɗai. A ranar Alhamis ɗin nan ma ta gangara har ƙofar coci ƙafafunta a sama, ta juyo da murna, ba wanda ya gani. Ta tsaya riƙe da keken da ba feda. Litinin ba bas. Shago kuwa yana nan, da ta je da an sa mata wasu cikin minti kaɗan. Har ta tura keken ta kama hanya, ta kai kwana, ta tsaya. Sayen wata feda tamkar ta ce wa mutumin nan ya gama ne, tun yana numfashi. Zuwa ta laluba aljihun marar lafiya kuwa, ina, fuskarta ba za ta iya ba. Ta juyo gida.

Ranar Asabar da hantsi ta dafa miyar dankali da albasa, ta yanka burodin da ta gasa, ta shiga. Falon yana warin magani da garwashin murhu. Malachy ya koma ɗan mitsitsi a cikin matasai, amma rigar sanyin nan tana jikinsa.

"Ya hana a cire ta," Breda ta ce ƙasa-ƙasa. "Da ƙarfen yake kwana. Nas ta yi magana har ta gaji."

Ya buɗe ido ɗaya. "Kin zo kallon gawa ne, ko kin zo karɓar kayanki?"

"Miya na kawo."

"Miya." Ya ja numfashi. "Kin kai coci?"

"Na kai. Tun shekaranjiya."

"Shi ne kika zauna kina jira in mutu ki ci gado? Breda, ciro mata. Ba ta sifana. Kai keken ƙarƙashin tagar nan inda zan ji ki."

Breda ta ɗaga tagar kaɗan. Nuala ta durƙusa a kan dakalin titi, ta shafa giris yadda ya ce, ta ɗaura ta dama, ta shiga sumul. Ta koma ta hagu. Ta murɗa, ta ƙi. Ta sake murɗawa, ta ƙi. Ta danna da ƙarfi, ta ɗauko sifana za ta tilasta mata, tana faɗin wata kalma da ba a faɗa kusa da gidan da Fada ya shiga.

"Wace ƙafa ce?" muryarsa ta fito ta taga, siririya.

"Hagu."

"Ina kike murɗawa?"

"Yadda ake rufe kwalba mana, kamar ɗayar."

"Tsaya! Ajiye sifanar nan, za ki cinye mata haƙora!" Tari ya sarƙe shi, Nuala ta daskare a durƙushe tana jin Breda tana bubbuga masa baya. Can ya dawo. "Ta hagu ba ta bin ta dama. Yadda ake buɗe kwalba, haka take rufuwa. Da yatsa za ki fara, a hankali. In ta ƙi, ke ce ba daidai ba."

Ta juya hannu ta murɗa baya. Fedar ta shige kamar dama jiran ta take.

"Ta shiga!"

"To me kike jira, a buga miki ganga? Hau."

Breda ta tallafo shi ta jingina da kafaɗarta, ta ja labule gefe. Nuala ta sa hular kwano a karkace, ta tura da ƙafa yadda ta saba, ta ɗaga, ta lalubi feda ɗaya ta samu, ɗayar ta kufce ta buge ta a ƙwauri, ta sake lalubowa. Keken ya yi dama, ya yi hagu, ya nufi motar maƙwabci, sannan ya miƙe. Ta taka. Ta sake takawa. Iska ta shiga rigarta. Ta wuce coci ba ta ma sani ba, sai da ta kai gindin tudu ta tuna ba ta iya juyawa ba, ta sauka ta juya keken da hannu, ta hau ta dawo tana kaɗa ƙararrawa tun daga nesa kamar mai tallan madara.

Ta tsaya a taga tana haki. Yana kallon ta, idanunsa sun yi ruwa, ko na tari ne ko na mene ne.

"Kin zauna kamar buhun dankali," ya ce. "Amma kin tafi." Ya ɗan rufe ido. "Tudun nan, in ya fi ƙarfinki, sauka ki tura. Ni ma turawa nake, ban dai taɓa gaya wa kowa ba."

"Allah ya saka maka da alheri, Malachy."

"Kawo miyar nan in ga ko ita kin iya."

Ya sha cokali biyu ko uku. Lahadi kuwa barci ya wuni yana yi.

Litinin da sassafe Nuala ta fito da keke, da rigar ƙyalli, da abincin rana ɗaure a kariyar bayan keke. Tana ɗaga kai ta ga tagar falon Malachy a buɗe gaba ɗaya, labule a sauke, iska tana kaɗa shi. A garinmu ba a buɗe taga haka da sanyin safiya sai an yi rasuwa, don mai tafiya ya sami hanya. Ta jingina keken da bango.

Breda tana bakin ƙofa da rigar jiya a jikinta. "Da gari ya fara haske," ta ce. "Ba wahala. Kamar wanda ya ajiye jaka."

Suka rungume juna, hular kwano tana bugun Breda a kunne. Da suka saki juna Nuala ta fara kwance igiyar hular.

"Bari in kira wurin aiki in ce ba na zuwa. Mutane za su cika gidan nan, ga shayi, ga burodi, ga kujeru da za a aro."

"Mayar da hular nan."

"Haba Breda, yau fa?"

"Yau ɗin. Mata sun cika layin nan, ba a rasa mai yanka burodi ba. In kin taso ki zo ki zauna da shi har yadda kike so." Ta kama igiyar da kanta ta ɗaure mata a haɓa. "Ke ba ki sani ba. Kafin keken nan, mutumin nan ya daina aske gemu, ya daina tambayar wace rana ce. Ranar da kika turo shi, da daddare ya ce in nemo masa reza. Kusan wata guda na yi ina jan tukunyar iska waje cikin sanyi, ina zaginku ku biyun, kuma da za a ƙara mini wani watan da na ja. Ni ce da godiya. In kika ajiye keken nan yau, ni da ke ne."

Nuala ta ɗauko keken daga jikin bango. Ta hau.

Layin shiru, sai hayaƙin murhu da ƙarar sarƙa. Ta wuce wurin tsayawar bas, ba kowa. Ta wuce coci. A tudu ta taka har inda ƙirjinta ya yarda, sannan ta sauka ta tura, hawaye da yayyafi suna haɗuwa a haɓarta, shanu suna kallon ta ta kan shinge. Daga sama ta sake hawa ta gangara, hannu biyu a kan birki.

Mai gadin masana'anta ya hango rigar ƙyalli tana tahowa tana ɗan rangaji, ya buɗe ƙofar gaba ɗaya kamar babbar mota ce za ta shiga. Nuala ta sauka a rumfar kekuna, ta tura shuɗin kekenta tsakanin na samari. Ba a busa ƙaho ba tukuna. Ta tsaya nan, tafin hannunta a kan sirdin da bai huce ba, ruwa yana ɗiga daga bakin kwanon rumfar.