Sumba ta Ukun Janar Vidalenc

Shekara huɗu ina tuƙa Janar Anselme Vidalenc, kuma ƙauyenmu ɗaya da shi a tsaunukan Cantal, saboda haka na san abin da jaridu ba su sani ba. An harbe doki biyu yana bisa, ya sha harsashi a cinya bai ko zauna ba. Amma ranar da na ga gumi ya karyo masa, takarda ce kawai Kanar ya miƙo masa, ta sunayen sojojin da zai maƙala wa lambar yabo.

Suna na shida Kofur Firmin Vidalenc, ƙanensa ciki ɗaya, mai kai wa 'yan ramin yaƙi miya da burodi a bayan alfadari. Shekara goma sha ɗaya ba sa ga maciji, tun da Firmin ya sare bishiyar tuffar da mahaifinsu ya dasa, wai tana yi wa kabejinsa inuwa.

"Me ya yi?" in ji Janar.

"Ranka ya daɗe, ana ruwan igwa ya sauke tukwane, ya ɗauko mutum huɗu masu rauni a kan alfadarin," in ji Kanar.

"To ai alfadarin ne ya yi aikin. A ba shi."

Lambar ba ita ce ta dame shi ba. A dokar soja, in Janar ya maƙala wa mutum lamba, dole ya sumbace shi a kunci, dama da hagu, gaban kowa. Sai ya ce haƙori ke damunsa, Kanar ya wakilce shi. Kanar ya ce ai an riga an buga sanarwa. Ni kuma na san jibi rundunar Firmin za ta koma bakin daga, inda ake tafiya ɗari a dawo arba'in. Abin ya tsaya mini a rai.

A mota na ce, "Ranka ya daɗe, in bai dawo ba fa?"

"Léonce, kalli hanya."

Na je wurin Firmin, na same shi yana goge kofaton dabbarsa. Shi ma kan nan kamar dutse.

"Ka gaya wa Yaya ya aiko da lambar ta gidan waya," in ji shi. "Gashin bakin nan nasa ba zai taɓa ni ba."

Da hantsi aka yi fareti a wata gona mai taɓo. Mutum biyar na farko Janar ya sallame su tsaf-tsaf. Da ya iso kan na shida, sai allurar lambar ta ƙi shiga riga. Ya cije, ya soka, ina jin har da fata, don na ga Firmin ya runtse ido. Janar ya duƙa ya sumbaci dama, ya sumbaci hagu, kamar mai shan magani mai ɗaci.

To, mu a Cantal sumba uku muke yi. Biyu ta mutanen Paris ce da baƙi. Firmin bai yi niyya ba, wuyansa ne ya saba, sai kawai ya sake juyo da kuncin dama. Ya tsaya a haka, kunne ya yi ja, ya rasa yadda zai janye. Mai ganga ya dakata da sanda a sama. Mutum dubu biyu na kallo.

Janar ya dubi kuncin nan ya daɗe. Sannan ya kama kafaɗun ƙanensa ya yi ta uku, wadda ba ta cikin kowane littafin soja.

Ina kusa, na ji Firmin ya ce ƙasa-ƙasa, "Tuffar ma tsami gare ta, Yaya."

"Na sani, ɗan banza. Ta Baba ce."

"Kututturen ya yi toho. Shekara uku ke nan na kewaye shi da shinge."

Janar ya wuce kan mutum na bakwai. Bawan Allah, shi ma sai da ya sha sumba uku, da hawayen Janar a kwalar rigarsa, har yau bai san dalili ba.