Tiyon da Aka Toshe

Shekara goma sha tara ina gyaran esin mota, wato na'urar sanyaya ta, hancina ya sha wari iri-iri. Na taɓa ciro mataccen ɓera daga cikin fanka da hannuna. Amma motar da wani dattijon direba ya kawo mini da hantsin nan, ina buɗe ƙofarta sai da na ja da baya na tofar da yawu. Wari ne irin na jiƙaƙƙen tsumma da aka manta a bokiti, aka kuma bi shi da turare mai arha har kwalba guda.

"Baba, me ya mutu a ciki?"

Bai yi dariya ba. Siriri ne, furfura ta cinye gemunsa, rigarsa ta sha guga har tana ƙyalli. Ya tsaya nesa da ni, hannuwa a manne da jiki.

"Ɗana, maigidana ya ce ni ne. Wai jikina ke wari, esi yana ɗauka yana watsa masa a baya. Yau ne wa'adina. In ya shiga ya ji, in ajiye masa makulli."

Sai ya zayyana mini. Wata biyu yana wanka sau uku a rana. Matarsa tana wanke masa riga ta sake wankewa. Makon jiya maigidan ya miƙa masa sabulu a gaban baƙi, suna ta dariya, shi kuwa ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya. 'Ya'ya mata huɗu gare shi a makaranta, kuma wa zai ɗauki direba mai furfura aiki yanzu?

Raina ya ɓaci, na kama aiki. Na ɗaura geji na auna, gas ɗin esi lafiya lau. Na tayar da mota, kwamfireso, wato injin esin, yana kamawa yana saki yadda ya kamata, sanyi kuwa har cizo yake. Na kwance durowar gaba na zaro filta mai tace iska. Wai, Allah ya kyauta! Ta yi baƙi ƙirin, ta jiƙe sharkaf, funfuna ta fito mata kore-kore. Na danna kafet da yatsa, ruwa ya taso.

Nan na fara zargi. Duk motar da esinta ke aiki dole ta riƙa ɗigar da ruwa a ƙasa. Sanyi ne ke tara shi, kuma akwai ɗan tiyo da aka yi domin ya zubar. Na bar ta tana aiki minti goma, na leƙa ƙarƙashi. Ko ɗigo babu.

Na shimfiɗa kwali na kwanta na shige. Ga tiyon nan, an cusa masa leda a baki, an liƙe da gam, an kuma ɗaure da waya don tsabar ƙwazo. Na sa filaya na fizge, ban yi dabarar kau da kai ba. Ruwan wata biyu, baƙi, mai yauƙi, ya tsiyayo mini a fuska ya gangara wuya. Har a leɓena. Na fito da rarrafe ina kakarin amai, na ƙarar da buta biyu ina kurkure baki.

"Wane jahili ne ya yi wannan aika-aika?"

Baba ya sunkuyar da kai. Ashe maigidan ne ya shimfiɗa sabon tayil a tsakar gidansa, ya ga motar tana bar masa tabo kullum. Ya ce motarsa ba za ta riƙa fitsari a gidansa ba. Baba ya ce masa kowace mota haka take yi. Maigidan ya daka masa tsawa, ya ce shi ne ya sayi motar ko Baba? Ya tsaya a kansa, ya miƙo leda da gam da hannunsa, sai da aka toshe.

"Shi ke nan, Baba, an wanke ka! Bari ya zo, ni zan faɗa masa a gaban kowa."

Ya riƙo hannuna, duk da ƙazantar da ke jiki.

"Don girman Allah, ɗana, ka rufa mini asiri. Ba ka san shi ba. Mai wari zai iya haƙuri da shi, amma wanda ya ga kuskurensa ba ya kwana a gidansa. Ka yi aikinka kawai, maganar ka bar mini."

Na yi tsaki, amma na yi aikina. Na hura tiyon da iska, na wanke akwatin sanyi da kumfa, na sa sabuwar filta, na cire kafet na shanya a rana. Kafin la'asar motar ta koma mota, tana ɗigar da ruwanta fari tas a ƙasa.

Maigidan ya iso a wata motar, ƙato, ya toshe hanci da hankici tun daga bakin gareji. Ya zura kai cikin motar ya shaƙa, ya sake shaƙa, kamar yana jin haushin rashin warin. Na kawo ledar da na ciro a kan kwali, na ajiye a gabansa, na bayyana masa abin da ta jawo. Ya dube ta. Wallahi ya gane ta, na ga idonsa.

"Wa ya yi wannan shirme?" ya ce.

Maganar tana bakina, har na buɗe. Baba ya riga ni. Ya durƙusa a kan ƙasar garejina mai baƙin mai, da wandonsa mai guga.

"Ni ne, ranka ya daɗe. Rashin sani ne. A yi haƙuri."

Maigidan ya saki numfashi, ya gyara tsayuwa. Sannan ya shiga faɗa da ƙarfi, yadda masu facin taya da ke maƙwabtaka za su ji. Wai wata biyu ana shaƙar da shi ruɓa, wai tsufa ba hankali ba ne, wai ba don yana da tausayi ba da yau ɗin nan ya sallame shi. Baba yana ta "na gode, Allah ya ƙara girma."

Da ya gama, ya jefa wa Baba makulli a ƙasa, ya juyo gare ni yana murmushi.

"Mai gyara, ka ga irin mutanen da muke haƙuri da su?"

Baba ya ɗago ido ya dube ni daga inda yake durƙushe, hannunsa a kan makullin.

Na haɗiye abin da zan haɗiye.

"Na gani, ranka ya daɗe," na ce. "Na gani sarai."