Akwatin Saja Rimtobaye

Ga ta nan, na kawo muku.

Ta iso, muna jin ki.

Memaji na shigowa da kwanon tuwon dawa ta tarar da Saja Rimtobaye ya ja tabarmarsa har bakin ɗaki. Ɗakin kuwa ba ƙyaure. Shekara goma sha ɗaya ke nan da ya ajiye kakin soja ya dawo garin Moundou, kuma ranar da ya kama ɗakin ya ɓalle ƙyauren ya jingine a jikin mangwaro. Unguwa ta ce yaƙi ne ya taɓa shi, aka ƙyale shi. Ba mata, ba ɗa, ba mai leƙowa sai wannan tsohuwa maƙwabciyarsa.

"Tsohon banza, so kake kaji su tattake ka?"

"Sun fi ki tausayi, uwar surutu." Ya yi dariya, tari ya sarƙe shi. "Zauna. In na tafi, kar a buga wa akwatin gawata ƙusa."

"Don ramin nan da ya rufta muku a arewa?"

"Mu shida ya rufe. Biyar sun yi aure, suna barci da ƙofa a kulle. Ni da ƙasa ta rufto, ba yaƙi na gani ba, Memaji, rumbun kawuna na gani. Ina shekara bakwai, in akuya ta ɓata sai ya zane ni, ya jefa ni ciki, ya danne murfin. Ban taɓa gaya wa kowa ba. Ke ma kar ki faɗa."

Ranar Laraba da hantsi ya cika.

Tsofaffin sojoji suka zo da tuta, aka yi addu'a, kafinta ya ɗaga guduma zai rufe akwatin. Memaji ta shimfiɗa tafin hannunta daidai inda ya saita ƙusar.

"Inna, janye hannunki."

"Buga ta cikinsa."

Shugaban sojojin ya matso. "Haba, Inna, a kan wane dalili?"

"Shekara goma sha ɗaya ina ba shi tuwo, waye a cikinku ya zo neman dalili?"

Kafinta ya sauke guduma. Ta cire ɗankwalinta ta tsaga biyu, ta ɗaure murfin sako-sako, ta bar ƙofar da yatsa zai shiga. Haka aka saka shi a kabari.

Sojojin sun naɗe tutarsu sun tafi. Kafinta ya mayar da ƙusoshinsa aljihu. Memaji tana nan, ba ta faɗa wa kowa ba, wani sa'in takan manta ta tuƙa tuwon mutum biyu. Ƙyauren kuwa yana jingine a jikin mangwaro, gara tana ci.