Ɗakin Inna Ya Kalli Arewa

Ni Barakatu, tun ranar da aka kawo ni gidan Baban Bushira na zama 'yar aike tsakaninsa da uwarsa. Shi ne ɗanta na fari, Inna kuwa ta riƙe kunyar ɗan fari irin ta mutanen da, babu ragi. Ba ta kiran sunansa, ba ta kallon fuskarsa, ba ta cin abinci in yana wurin. In mun je gaishe ta a ƙauyensu, Kashin Zama, kusa da Aliero, zai tsuguna a bakin ƙofa, ita ta juya wa ƙofar baya, ni a tsakiya. Sai ta ce, "Ki ce ma wancan ya rame." In juya in ce masa ya rame. Shi kuma ya ce in gaya mata aiki ne ya yi yawa. Haka nake ta juya wuya har a yi sallama.

Shekarar da aka ba mu jihar Kebbi aka maido shi daga Sakkwato, inda yake aikin zanen gine-gine. Ya sami fili a Jega, kan hanyar Maiyama, ya soma gina mana gida. A daminar nan Inna ta zame a bakin rijiya, ta yini kwance da targaɗe kafin maƙwabta su ankara, domin ƙanensa Isiyaku ya bi motar albasa zuwa Kurmi. Daga ranar Baban Bushira ya ƙudura cewa sai ta dawo kusa da shi. Ni ma na so hakan tsakani da Allah, don tsohuwa ce mai kirki in ba maganar ɗanta ake yi ba.

Aka aike ni da batun. Inna ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Ki ce mai ni ban kwana cikin tanderu. Na ga ɗakunanku na birni, siminti ƙasa, kwano bisa, mutum shina dahuwa awa dankali. Ku ce a kunna hwanka, wutar ko ba ta zama."

Wani ɗan da ya ji haka ya san ƙin zuwa ne aka naɗe a cikin zani. Nawa mijin sai ya ɗauka jarrabawa aka ba shi. Ya ce zai gina mata ɗakin da ba ya bukatar fanka, ba ya bukatar kunna fitila da rana, ba ya cin itace. Daga nan hira ta ƙare a gidanmu. In na ce Bushira na tari, sai ya ce tarin zai tafi in iska na ratsa ɗaki. In na ajiye masa tuwo, sai ya ja layi da yatsa a gefen akushi yana nuna mini inda rana ke faɗuwa.

Gidanmu na bulo ne, amma ɗakin Inna da tubalin ƙasa aka yi shi, bango mai kauri har mutum ya zauna a bakin taga ya miƙe ƙafa. Ya ɗauko wani magini, Tamu, takanas daga Giwa Tazo, don maginan Jega sun ce su sun daina taka ƙasa. Aka yi rufin azara aka daɓe, sannan aka ɗora kwano can sama da tazara, iska na bi ta tsakani. Aka bar 'yan kafofi kusa da rufin don zafi ya fita. Aka yi wa randa gurbinta da yashi a kusurwa, aka gina murhu mai baki ɗaya wanda kara kaɗan ya ishe shi. Akwai darbejiya da muka tarar a filin, ya hana a sare ta, ya ce ita ce rabin aikin.

Duk abin da aka yi sai an aike ni Kashin Zama in kai rahoto, in dawo da sabon sharaɗi. Yau ta ce kada a yi mata daɓen siminti, ƙafafunta ba sa so. Gobe ta ce dokin ƙofa ya yi tudu. Direbobin Aliero har sun san ni, suna ce mini uwar ɗakin gini. Ni kuwa na gaji ƙwarai, kuma na faɗa, sai dai babu wanda ya ji.

Abin da ya fi alfahari da shi shi ne ƙofa. Ya sa ta kalli arewa, inda rana ba ta leƙowa, da taga a kudu daidai saitinta, iska ta shigo nan ta fita can. Na ga zanen, na ga ginin yana tashi, na share wurin da hannuna, amma ban lura da abin da ke arewa da ƙofar nan ba. Ƙofar ɗakinsa ce, ido da ido, darbejiya a tsakani.

Da bazara ta kama aka je aka ɗauko Inna. Ƙunshi ɗaya ta zo da shi, da butarta, ta ce gwaji ta zo yi. Ta shiga ta shafa bango, ta ɗaga kai ta dubi azara, ta ce, "To, wanga dai ɗaki na." Daga bakin Inna wannan babban yabo ne. Baban Bushira yana waje ya ji, ya rasa inda zai sa kansa don murna. Nan take ya ɗauki hutu a wurin aiki, wai don ya ga ta saba. Ya fito da kujerarsa ƙarƙashin darbejiya, wurin da ya fi ko'ina sanyi a gidan kamar yadda ya tsara, ya zauna daga shi sai 'yar shara, yana fuskantar ƙofarta tun safe har la'asar.

Inna ta rufe ƙofa. Kashegari ta cusa tsumma a taga, don ta ce muryarsa na zagayowa ta nan. Ya aiko ni in ce mata ta buɗe, ɗakin ba ya aiki a rufe. Ta ce in ce masa ta ji. Ba ta buɗe ba. Ya sake aiko ni da bayanin yadda iska mai zafi ke hawa sama, na tsaya a gaban tsohuwa ina karanto mata darasi kamar wata malamar firamare, tana jan carbi. Na kafa zana a tsakani ko za a sami sauƙi. Ya ce zanar ta tare iskar arewa, ita kuma ta ce zana ido gare ta. Na cire abata na jingine.

Ni nake cika mata randa, shi ya sa na fara gane ruwan ba ya raguwa. A wannan zafi na Jega, da ko akuya ke neman inuwar mota, tsohuwa ba ta shan ruwa. Na tambaye ta, ta ce ba ta jin ƙishi, alhali leɓenta duk ya bushe. Sai da na ga tana leƙe ta tsagar ƙofa tana jira ya tafi masallaci, sannan ta fito da sauri da butarta, na fahimta. Hanyar bayi ta gaban kujerarsa ta bi. Gara ta ƙi shan ruwa da ta wuce gaban ɗanta na fari da buta a hannu.

Wata azahar na shiga na tarar da ita jingine da bango, jiki zafi rau, ido ya faɗa. Na jiƙa mata zani, na ɗura mata ruwa da ƙyar. Da ta ɗan farfaɗo sai ta riƙe hannuna ta ce, "Barakatu, ki ce mai a maishe ni gida. Ɗaki ba shi da laihi, ni ta ban iyawa."

Na fito raina a ɓace. Ban san da wa na fi jin haushi ba, da ita da za ta kashe kanta saboda kunya, ko da shi da ya auna rana da iska ya manta da uwarsa, ko da kaina. Na same shi a kujerarsa yana fifita.

"Inna ta ce a maishe ta," na ce.

"Don mi? Zahi? Ai ita tar ruhe ƙohwa."

"Kai tar ruhe ma. Kana zaune nan awa mai gadi, ta ina za ta hita? Ruwa ma ta bar sha don kar ta bi gabanka. Ka maida mata ƙohwa yamma."

"Yamma?" ya ce. "Rana ta shiga mata har gado? Dut aikin da munka yi ya tashi banza ke nan."

"To maida taka."

Ya dube ni kamar na zage shi. Ɗakinsa bai daɗe da shan fenti ba, kuma yammacinsa titi ne. Sai ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Barakatu, ni dut abin da nika so, in hito da sahe in gan ta. Na yi hurhura, ban taɓa zama na kalli uwata ba. Da gangan nis sa ƙohwan nan haka."

Wallahi ya ba ni tausayi, har na ji hawaye. Amma tausayi ba ya shayar da tsohuwa ruwa. Na ce masa ya zaɓa, ko ta zauna a gidansa bai gan ta ba, ko ta koma Kashin Zama ta sake faɗuwa babu kowa kusa. Ya ɗauki kujerarsa ya shige ɗaki, ya kwana biyu yana cika yana batsewa, ni da Bushira muna taka ƙasa a hankali.

A rana ta uku Tamu ya zo da guduma. Aka toshe ƙofar ɗakin maigida da bulo, aka fasa bangon yamma aka fitar masa da wata ta bakin titi. Yanzu in zai shiga ɗakinsa sai ya bi ta waje kamar ɗan haya. Ni ma in zan kai masa abinci sai na yafa mayafi na zagaya. Daga azahar rana take shiga masa, ta zauna har magariba. Ya sayo fanka, tana nan tsaye a kusurwa, mun fi rataya mata hula. Mutumin da ya gina ɗaki mafi sanyi a unguwar, shi ne ke kwana cikin gumi, kuma ni yake yi wa mita.

Da ƙarar guduma ta lafa Inna ta buɗe ƙofarta, ta zare tsumman taga da kanta. Iska ta ratsa ɗakin har gefen zaninta na motsi. Ta fito da tabarma gindin darbejiya, ta sha ruwa moɗa guda, ta ce a ƙaro. Batun komawa ba ta sake tayarwa ba, amma ba ta ce ta zauna ba. Ƙunshinta na nan a ɗaure a kan gado, kullum in na je gaishe ta shi nake fara duba.

Ranar kasuwar Jega, da hantsi, ina tsince mata shinkafa sai ta ce, "Na ji Isiyaku ya dawo. Ki ce ma wancan ya aika mai, in zai zaka ya taho min da adakata. Akwai hwarin ƙyalle ciki, wanda maigidana Malam, Allah shi jiƙan shi, ya taho min da shi daga Makka. Inda nike nika son shi aje."

Na san ƙyallen. Likkafaninta ne.

Na ajiye faifai, na yafa mayafi, na zagaya ta titi. Na same shi zaune a bakin gado, riga a kafaɗa, gumi na bin wuyansa. Na faɗa masa saƙon yadda ta faɗa. Ya daɗe yana kallon bulon da aka toshe ƙofar da shi, inda har yanzu ba a yi fenti ba. Ya goge fuska da rigar, ya goge kuma.

"Iska na shiga mata dai?" ya ce.

Na ce tana shiga. Ya sa rigarsa ya fita neman motar Aliero.