Hoton Hantar Saminu

Saminu na cikin haɗa magungunan masu cutar daji Dakta Hamid ya aiko a kira shi. Ya tuɓe safar hannu ya tafi, a zatonsa gyara za a yi wa maganin wani majiyyaci.

Ya tarar da hoton hanta a kan kwamfuta, tabo ya yi mata dabbare-dabbare.

"Subhanallahi," in ji Saminu. "Daga hanji ya tsallako ko? Wannan ba ya yankuwa. Sai dai a dasa masa na'urar nan a ƙarƙashin fatar ciki, ta riƙa tura magani ta jijiya kai tsaye cikin hanta. Wane bawan Allah ne?"

Hamid haifaffen Madina ne, jikan alhazan Kano, yana jin Hausa amma da Larabci yake amsawa. Yau sai ya kawar da kai, ya lalubo Hausar kakarsa.

"Yaya Saminu... naka ne."

Saminu ya yi dariya. Bara aka yanke masa hanji, aka ce an kwashe komai, har Khalida matarsa ta yi walima a gidansu na unguwar Al-Sih a nan Madina. Hoton jiya ma don ta matsa masa ne ya je. Ya sake duban tabon, dariyar ta ƙafe.

"A sake ɗauka."

"Wallahi na duba, na sake dubawa. Amma bai wuce hanta ba. In ya motse, insha Allahu mu yanke."

Saminu ya fita. Maimakon ɗakin magani, ƙafafunsa suka kai shi bencin masu jiran a cika musu na'ura. Shekara da shekaru yana haɗa musu magani, bai taɓa zama a cikinsu ba.

Wani tsoho mai sayar da dabino a Uhudu, Malam Ya'u, ya matsa ya ba shi wuri.

"Likita, lafiya? Fuskarka ta yi fari."

Saminu ya zauna kusa da shi. Ya ce, "Baba, abin nan da ke cikinku... da ciwo?"

Tsohon ya dube shi. Sannan ya ɗage riga, ya kamo hannun Saminu, ya ɗora a kan ɗan tudun da ke ƙasan haƙarƙarinsa.

"Taɓa ka ji, ɗana. Kada ka ji tsoro, danna."